Filin Kimiyya Da Fasaha: Tsohon Jirgi Da Sabon Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin sama na Kano, ko na Ikko, ko na Abuja, in mai lura ne ya yiwu ya ga wani abu a jikin jiragen nan samfurin Boeing 737 da kamfanonin ƙasar nan suka daɗe suna jigilar mutane da su. Bakin injin da ke rataye a fiffike ba zagayayye ba ne sosai kamar na sauran jirage. Daga ƙasa a shafe yake, sai ka ce tukunyar da maginiya ta dangwarar tun ba ta bushe ba. Haka aka ƙera shi da gangan, kuma dalilin wannan shafewa shi ne mafarin wani dogon labari da ya ci rayukan mutum 346, cikinsu har da 'yan Nijeriya.

Shi dai jirgin 737 ya fara tashi sama ne ran 9 ga watan Afrilu, 1967. Abin da kamfanin Boeing na Amurka ya nufa a wannan lokaci shi ne ɗan madaidaicin jirgi na gajerar tafiya, wanda zai iya sauka a ƙananan filaye inda babu manyan kayan aiki. Don haka sai aka yi masa gajerun ƙafafu, cikinsa ya kusanci ƙasa, yadda lebura zai tsaya da ƙafarsa ya loda akwatuna, makaniki kuma ya duba inji ba sai ya nemo dogon tsani ba. Injin da aka zaɓa masa, JT8D na kamfanin Pratt & Whitney, siriri ne dogo, faɗin bakinsa inci 40 ne da 'yan kai, saboda haka ya shige ƙarƙashin fiffike ba tare da wata wahala ba. Irin wannan jirgi ne, samfurin 737-200, tsohon kamfanin Nigeria Airways ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirga da shi tsakanin biranen ƙasar nan. Dattawan da suka hau shi ba za su manta da ƙararsa ba, don kafin ya bar ƙasa duk unguwar da ke maƙwabtaka da fili ta san zai tashi.

Hausawa kan ce tun ran gini ran zane. Gajerun ƙafafun nan dabara ce mai kyau a 1967, babu mai musun haka, amma su ne suka zame wa jirgin turke, duk gyaran da aka yi masa cikin shekara 50 da suka biyo baya sai da aka kewaya su.

Abin da ya sa injunan jirage ke ta ƙara ƙiba kuwa shi ne mai. Aikin injin jirgi shi ne ya zuƙi iska ta gaba ya tura ta baya, wannan turi shi ke sa jirgi ya yi gaba. A tsohon inji, kusan rabin iskar da aka zuƙa tana shiga can ciki inda ake ƙona ta da mai, ta fito da zafi da gudu da ƙara mai toshe kunne. Daga baya, musamman bayan tsadar man da ta auka wa duniya a 1973, injiniyoyi suka mai da hankali ga wata hanya, watau a kafa ƙatuwar fanka a bakin inji, ta ɗebi iska mai yawa ta tura ta baya a natse ba tare da ta bi ta wuta ba. Misalinsa kamar masu kwalekwale biyu ne a Kogin Kwara, ɗaya da faffaɗan itacen tuƙi yana jan ruwa sannu, ɗaya da ɗan siriri yana ta fafutuka. Tare za su isa gaci, amma na biyun ya galabaita. A injin JT8D, in mudu ɗaya na iska ya shiga wuta, kusan mudu ɗaya ne ke kewaye ta. A wanda ya gaje shi abin ya kai wajen mudu 5, a na baya-bayan nan kuwa wajen mudu 9. To, amma faffaɗar fanka tana bukatar wuri, 737 kuwa tsakanin fiffikensa da kwalta babu wani sarari.

An fara cin karo da wannan matsala ne a farkon shekarun 1980, sa'ad da aka so a ɗaura wa jirgin injin CFM56, wanda kamfanin General Electric na Amurka da Snecma na Faransa suka haɗa gwiwa suka ƙera. Sai da aka rage faɗin fankarsa zuwa inci 60, aka janyo shi gaba ya fito daga ƙarƙashin fiffike, aka kwashe tarkacen da aka saba ɗaurawa a ƙasan inji aka mai da su gefe, sa'an nan aka shafe ƙasan kwansonsa don kada ya kusanci kwalta da yawa. Asalin bakin nan da aka ambata tun farko ke nan. Samfurin 737-300 ya tashi da wannan inji a 1984, a 1997 kuma aka fito da wani zubi mai sabon fiffike da fanka mai inci 61. Wajibi ne a faɗi gaskiya, gyare-gyaren nan biyu sun yi kyau ƙwarai, an kuma sayar da dubban jiragen. Sai dai duk wanda ya saba ƙara wa riga ƙyalle ya san akwai ranar da tela zai ce babu sauran wurin ɗinki.

Ranar ta zo ne ta hannun abokin gasa. Kamfanin Airbus na ƙasashen Turai yana da jirginsa A320, wanda ya fara aiki a 1988, an kuma ƙera shi da dogayen ƙafafu tun asali. A watan Disamba na 2010 Airbus ya ba da sanarwar zai ɗaura masa sababbin injuna, ɗaya mai fanka inci 78, ɗaya mai inci 81, waɗanda za su rage shan mai da wajen kashi 15 cikin ɗari. A lokacin nan shugabannin Boeing suna ta shawarar ko su ƙera sabon jirgi ɗungurungum, aikin da zai ci shekaru da kuɗi masu ɗimbin yawa. Ana cikin haka, a watan Yuli na 2011, kamfanin American Airlines, wanda ya yi shekaru ba ya sayen manyan jirage sai a wurin Boeing, ya yi odar jirage 460, 260 daga cikinsu na Airbus. Kafin ƙarshen watan Agusta aka ajiye maganar sabon jirgi, aka ce tsohon za a sake yi wa inji, aka raɗa masa suna 737 MAX.

Injin da aka shirya masa, LEAP-1B, faɗin fankarsa inci 69 ne da ɗoriya, watau ya ɗara na 1997 da inci 8. Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a ƙara wa jirgin tsawon ƙafa a huta? Amsa ita ce, manyan ƙafafun jirgi in ya tashi naɗewa suke yi su shige wani rami a cikinsa, ramin nan kuwa an auna shi daidai da tsawonsu. In aka tsawaita su da yawa dole a taɓa fiffike da tsakiyar jirgi, in kuwa aka taɓa waɗannan to an kama hanyar sabon jirgi, wanda hukuma za ta bincika tun daga tushe, matuƙa kuma su koma makaranta. Abin da ake gudu ke nan. Saboda haka ƙafar gaba kaɗai aka ƙara wa inci 8, injin kuma aka ƙara janyo shi gaba, aka ɗaga shi sama.

Daga nan halin jirgin ya ɗan canja, kuma don a gane yadda ya canja sai an san abu ɗaya game da fiffike. Abin da ke riƙe jirgi a sama shi ne iskar da ke bin jikin fiffikensa. In matuƙi ya ɗaga hancin jirgi, fiffike yana ƙara karkata ga iskar da ke tunkararsa, ƙarfin ɗagawa kuma yana ƙaruwa. Amma in karkatar ta wuce kima, iska sai ta kuɓuce daga bayan fiffike, jirgi ya rasa abin da ke tallafarsa, ya fara zubowa ko da injunansa lafiya lau suke. Don haka doka ta ce dole ne jirgin fasinja ya riƙa yi wa matuƙinsa gardama in ana kusantar wannan iyaka, watau gwargwadon yadda yake jan sitiyari baya don ɗaga hanci, gwargwadon yadda sitiyarin zai ƙara nauyi, yadda ko idonsa a rufe hannunsa zai gaya masa ya isa haka. A jirgin MAX, ƙaton kwanson injin nan da aka turo gaba sai ya zama kamar wani ƙaramin fiffike. In hanci ya ɗagu sosai, iska ta bugi kwanson ta ƙasa, shi ma sai ya shiga taya ɗaga hancin, sitiyari ya yi sauƙi a daidai wurin da ya kamata ya yi nauyi.

Akwai wata magana da ta bazu a lokacin da abin ya faru, cewa wai jirgin ba ya iya tashi sai da taimakon kwamfuta. Wannan zuguguntawa ce. A tafiya ta yau da kullum jirgin fasinja ba ya zuwa kusa da wannan iyaka. Aibi ne na wani lungu da ba a cika shiga ba, amma doka ba ta yarda da shi ba. An gwada 'yan gyare-gyare a jikin fiffike ba su wadatar ba, sai aka koma ga kwamfuta.

Shi ma wannan ba abin kunya ba ne a sana'ar ƙera jirage. A jirgin A320 umarnin matuƙi ta waya yake bi zuwa kwamfuta, ita ce ke duba shi ta motsa fiffike da wutsiya, kuma ba ta yarda a ɗaga hanci ya wuce iyaka. Amma shi an gina shi ne a kan kwamfuta tun daga tushe, da kwamfutoci da dama masu sa wa juna ido, da ma'aunai uku na karkatar iska, don in ɗaya ya yi ƙarya biyu su ƙaryata shi. Shi kuwa 737, igiyoyin ƙarfe ne ke kai motsin sitiyari zuwa wutsiya kamar yadda aka tsara tun farko. A kan wannan tsohon gini aka ɗora sabuwar dabarar, aka yi mata laƙabi da haruffa huɗu, MCAS.

Ga yadda take aiki. A kowane gefe na hancin jirgi akwai wani ɗan ƙarfe da ya fito waje, yana juyawa da iska kamar tuta, shi ne ma'aunin karkatar jirgi ga iska. A wutsiya kuma akwai ƙananan fukafukai biyu a kwance, waɗanda wani ɗan inji mai aiki da lantarki ke iya karkata su gaba ɗaya don a daidaita hanci sama ko ƙasa. In matuƙi na tuƙi da hannunsa, an naɗe leɓatun fiffike na tashi da sauka, ma'aunin nan kuma ya ce hanci ya ɗagu fiye da kima, sai MCAS ta karkata fukafukan wutsiya ta tura hanci ƙasa, ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Da farko an tsara ta ne da ɗan ƙarfi kaɗan, digiri 0.6 kacal, kuma sai alamu iri biyu sun haɗu kafin ta motsa. A 2016, shekarar da jirgin ya fara tashin gwaji, aka ga matsalar tana nan ko a tafiyar sannu, sai aka ninka ƙarfinta wajen sau huɗu, ya kai digiri 2.5 a turi ɗaya mai ɗaukar wajen daƙiƙa 10, aka kuma cire alama ta biyun, ya rage ma'aunin iska kaɗai. Shi ma guda ɗaya take ji a kowace tafiya. Watau shaidar mutum ɗaya ta isa a yanke hukunci, alhali ga na biyu nan a ɗaya gefen ba a tambaye shi ba. Bugu da ƙari, in matuƙi ya danna maɓallin da ke kan sitiyari ya mai da hanci sama, sai ta dakata daƙiƙa 5 ta sake turawa, haka za ta yi ta yi muddin ma'aunin bai daina ƙarya ba. Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan cin rai. A tsofaffin 737, in wutsiya ta fara tura hanci ƙasa ba dalili, da matuƙi ya ja sitiyari baya sai motsin ya tsaya, kowane matuƙi ya san haka kamar yadda direba ya san birki. A MAX an kewaye wannan birki don kada ya hana MCAS aiki. Abin mamaki, Boeing ɗin nan ya sa irin wannan dabara a jirgin soja mai shayar da jirage mai a sama, KC-46, amma can ma'aunai biyu take saurara, kuma da matuƙi ya ja sitiyari take sakin jirgi.

To, duk wannan da matuƙa sun san da shi da sauƙi, amma ba a gaya musu ba. An cire bayanin MCAS daga littafin matuƙa da yardar FAA, watau hukumar kula da jiragen sama ta Amurka. Babban abin da Boeing ke tallata jirgin da shi shi ne, duk wanda ya iya tsohon 737 ya iya wannan, ba sai an kai shi ɗakin nan na kwaikwayon tuƙi ba, inda ake koyon jirgi a ƙasa, wanda ke cin kuɗi da kwanaki. Binciken da wani kwamitin Majalisar Wakilan Amurka ya fitar a watan Satumba na 2020 ya nuna cewa Boeing ya yi wa kamfanin Southwest alkawarin rangwamen dala miliyan 1 a kan kowane jirgi in har aka tilasta irin wannan horo. Saboda haka horon da aka yi wa matuƙa da yawa bai wuce ɗan karatu na awa ɗaya ko biyu a kan kwamfutar hannu ba. Injiniyoyin sun kwantar da hankalinsu da zaton cewa ko dabarar ta motsa bisa kuskure, matuƙi zai gane cikin daƙiƙa 4, ya kuma san makunnai biyu da ke yanke wa wutsiya lantarki. Ita kuma FAA ta daɗe tana wakilta ma'aikatan Boeing su yi mata wani sashe na binciken jiragen kamfaninsu, jami'anta masu tsara horon matuƙa ba su ma san an ƙara wa MCAS ƙarfi haka ba. Ta ba jirgin izini a watan Maris na 2017. An ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, amma ga mutanen da za su riƙe jirgi a hannunsu an ɓoye musu halinsa.

Ran 29 ga watan Oktoba, 2018, da sassafe, wani jirgin MAX na kamfanin Lion Air, wanda bai cika wata uku da fara aiki ba, ya tashi daga Jakarta ta ƙasar Indunusiya da mutum 189. Kwana ɗaya kafin nan an canja masa ma'aunin iska na hagu da wani gyararre wanda saitinsa ya kauce da digiri 21. A tafiyar daren da ya gabata matsalar ta taso, amma aka yi sa'a akwai wani matuƙi na uku da ake rage wa hanya a ɗakin tuƙi, shi ya ba da shawarar a kashe makunnan nan, suka sauka lafiya. Matuƙan safe ba su sami wannan sa'a ba. Tun jirgi na barin ƙasa sitiyarin kyaftin ya kama karkarwa, ma'aunan gudu da na nisa daga ƙasa suka saɓa wa juna, da aka naɗe leɓatun fiffike kuma hanci ya fara sunkuyawa. Fiye da sau 20 kyaftin yana ɗago shi kwamfuta tana mai da shi, bai san da wa yake kokawa ba. Da ya miƙa wa mataimakinsa tuƙi don ya duba littafi, turin ya rinjayi mataimakin. Minti 13 bayan tashi jirgin ya faɗa Tekun Java, babu wanda ya tsira.

Boeing da FAA suka aika da takardar gargaɗi a farkon Nuwamba, suna tuna wa matuƙa makunnan nan biyu, jirage kuma suka ci gaba da tashi. Sai a Disamban 2019 aka tono a gaban majalisa cewa wani lissafi da FAA ta yi bayan wannan haɗari ya nuna in ba a yi gyara ba ana iya samun irinsa har 15 a tsawon rayuwar jiragen.

Ba a cika wata biyar ba, ran Lahadi 10 ga watan Maris, 2019, jirgin Ethiopian Airlines ya tashi daga Addis Ababa za shi Nairobi da mutum 157, 'yan ƙasashe 35. Jim kaɗan da tashi ma'aunin hagu ya tsallake ya nuna fiye da digiri 70, abin da babu jirgin fasinja da zai yi yana tafiya, amma kwamfuta ta gaskata shi. Matuƙan sun tuna gargaɗin, sun kashe makunnan. Sai dai wanda ya kashe su ya kashe har da maɓallin kan sitiyari, abin da ya rage masa shi ne wani wili mai mariƙi kusa da gwiwarsa, kamar na keken ɗinki, wanda zai juya da hannu ya dawo da wutsiya. Injuna suna nan a ƙarfin tashi ba a rage musu ba, gudu ya yi yawa, iska ta danne wutsiya, wili ya ƙi juyuwa. Da suka rasa yadda za su yi suka mai da lantarki, MCAS ta sake turi. Minti 6 bayan tashi jirgin ya nutse cikin wata gona kusa da garin Bishoftu. Cikin waɗanda suka rasu akwai Farfesa Pius Adesanmi, marubuci ɗan Nijeriya da ke koyarwa a Jami'ar Carleton ta Kanada, da Ambasada Abiodun Bashua, wanda ya yi aiki da rundunar kiyaye zaman lafiya a Darfur.

An yi ta ce-ce-ku-ce game da laifin matuƙan, wasu har suna shaguɓen cewa da matuƙan Amurka ne da ba a yi haka ba. Gaskiya ne masu bincike sun sami kurakurai, a Indunusiya wajen gyara da rubuta rahoto, a Habasha wajen rashin rage gudu. Har ma an saɓa a kan abin da ya lalata ma'aunin jirgin Habasha, Amurkawa suna cewa tsuntsu ne ya buge shi, Habashawa suna cewa lantarki ne. Amma ko tsuntsu ne ko lantarki, ɗan ƙarfen da ke waje cikin rana da ruwa ai ranar lalacewarsa tana tafe, maƙerin jirgi kuma ya san da haka. Daƙiƙa 4 ɗin nan kuwa a ofis aka lissafa ta, a kan mutumin da ke fuskantar matsala ɗaya da ya san sunanta. Hukumar binciken haɗura ta Amurka da kanta ta faɗa a watan Satumba na 2019 cewa ba a yi la'akari da yadda gargaɗi iri-iri za su taso wa matuƙi lokaci ɗaya ba.

Washegarin haɗarin Habasha ƙasar Sin ta hana jiragen tashi, ƙasashe suka yi ta bin sahunta, Amurka ba ta bi ba sai ran 13 ga Maris, ranar da Nijeriya ma ta rufe musu sararin samaniyarta. Wata 20 suka yi a ƙasa. A Disamban 2019 aka sauke shugaban kamfanin, Dennis Muilenburg. A Janairun 2021 Boeing ya amince ya biya dala miliyan 2,500 don a jingine tuhumar da gwamnatin Amurka ke yi masa, bayan ya amsa cewa ma'aikatansa biyu sun yaudari FAA game da MCAS. Yadda aka kasa kuɗin abin lura ne: miliyan 1,770 na kamfanonin da suka sayi jiragen, miliyan 500 na iyalan mamata, sauran kuma tarar gwamnati ce.

Gyaran da aka yi kafin FAA ta sake ba da izini ran 18 ga Nuwamba, 2020, in mutum ya karanta shi sai ya riƙe baki, don babu wani abu a ciki da ya gagari injiniyan 2016. An sa MCAS ta riƙa sauraron ma'aunai biyun, in suka saɓa da digiri 5.5 ko fiye sai ta janye hannunta, fitila ta kunnu ta gaya wa matuƙi. Sau ɗaya take turi, ba ta maimaitawa sai hanci ya koma daidai ya sake ɗaguwa, an kuma rage mata ƙarfi yadda matuƙi zai iya rinjayarta da sitiyari kaɗai. Horon ɗakin kwaikwayon nan da aka yi ta gudu, shi ma ya zama dole. Nijeriya ta ɗage haninta a watan Fabrairu na 2021, Ethiopian Airlines kuwa bai sake tashi da jirgin ba sai ran 1 ga Fabrairu, 2022.

Injin dai yana nan inda aka rataye shi, gajerun ƙafafun 1967 ma ba su daina ba injiniyoyi aiki ba. Mafi tsawo a gidan, 737 MAX 10, wanda ya yi tashin gwaji na farko a watan Yuni na 2021, tsawonsa ya kai yadda in ya ɗaga hanci zai tashi wutsiyarsa na iya gogar kwalta. Da yake ramin cikin jirgi ba ya ɗaukar doguwar ƙafa, sai aka ƙera masa wata mai miƙewa, tana ƙara tsawon inci 9 da rabi a daidai lokacin da jirgi ke barin ƙasa, sa'an nan ta tsuke ta koma gajera kafin ta shige tsohon raminta.